Kunamar Ruwan Bilya

A duk faɗin Faskari babu wanda bai san gidan Bilya mai gilashi ba, kuma ba tagogin da yake haɗa wa mutane suka yi mashi suna ba. Kifi ne. Kifin ma ba tarwada ba, balle a ce kiwon sayarwa yake. Wasu halittu ne guda biyu masu faɗi kamar faifai, da doguwar wutsiya mai ƙaya, kullum suna kwance a kan yashi cikin akwatin gilashi a ɗakinshi. Kunamar ruwa ake ce masu. Aikin tagogi ya taɓa kai shi Makurɗi, ya tarar da masunta sun ciro su daga kogin Binuwai suna shirin datse masu wutsiya, ya roƙa aka bar mashi ƙanana biyu, mace da namiji. Cikin rabin jarka ya taho da su, yana ta tsayar da direba a hanya don ya sake masu ruwa, fasinjoji na zaginshi.

Matarshi Khadijatu ba ta yi murna da baƙin nan ba ko kaɗan. Shekararsu goma sha ɗaya da aure, ta yi ciki sau uku, babu wanda ya zo da rai. Duka ukun suna bayan ɗakinta a gindin zogale, kowane da dutsenshi a kai. To mace mai wannan ciwon a zuciya ce za a kawo wa kifi a ce ta yi tarairaya? Haushi ta riƙa ji in ta ga Bilya durƙushe da safe yana tonon tana a gindin randa, ƙato da shi, matan maƙwabta na leƙowa ta katanga suna ƙunshe dariya.

Shi kuwa ko a jikinshi. Da hannunshi ya yanka gilashi mai kauri ya haɗa akwatin da ya ɗara gado tsawo, ya ɗora shi bisa bulo. Yashin rafi ya tankaɗe da rariya har sau uku, wai cikinsu laushi gare shi, tsakuwa na yanka su. Ya sa sola a kan kwano, ya haɗa ɗan injin da ke busa kumfa, da wani tulun roba da ruwan ke bi ta cikin soso ya komo. A tsakar gida ya jera duro uku, ruwan sama ne a ciki ko na rijiya da ya kwana uku a buɗe. Soson nan kuwa ya yi baƙi ƙirin, ƙyama ma yake ba ta. Ran da ta ce bari ta wanke mashi shi, sai da ya saki abin da ke hannunshi.

"Dije, dattin nan shi ne ran ruwan," ya ce. "Kada sabulu ya kusanci wurin nan, kada alif. Ko mai kika shafa, kada ki sa hannu. In za a sake ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu ake ɗiba, ba a taɓa juye shi duka."

"To, Malam," ta ce, a ranta tana cewa mutum da hankalinshi.

Abin da ya sauya ta ya faru ne a bazarar shekara ta biyu. Macen, wadda Bilya ke kira Hajjaju don ƙasaitarta, ta ɗauki ciki. Khadijatu ba ta yarda ba da ya ce mata kifin nan ba ƙwai yake sakawa ba, haihuwa yake kamar mutum. Wata rana da tsakar rana batir ya mutu, kumfa ta tsaya, Bilya na wurin aiki. Ita ta shiga ɗakin ɗaukar tsintsiya ta ga Hajjaju ta manne da gilashi tana haki, a gefenta ga wani ɗan abu fari a naɗe kamar tabarma, ba ya motsi. Ta san abin da take kallo, ai ba yau ta fara gani ba. Nan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ran na ukun nata. Da Bilya ya dawo ya same ta a haka, sai ya zauna kusa da ita. Tun daga ranar ita ke tonon tana.

Bana da damina ta yi nisa, Hajjaju ta sake ɗauka. Bayanta ya yi tudu kusa da gindin wutsiya, in ka tsura ido sai ka ga tudun na motsi. Wata uku suna lallaɓa ta. Bilya ya sayi sabon batir, ya hana a daka komai kusa da bangon ɗakin. Ran wata Talata da safe ya kira Khadijatu ta zo ta gani.

"Kin ga yadda yake shuri? Ba za ta wuce sati ba."

Ya riga ya ɗaure akwatin kayan aiki a bayan babur, zai je Sabuwa sa tagogin wani masallaci. Ta ce mashi ya bari mana, dawa ta rufe hanya, ɓarayin daji sun matsa wa yankin nan. Ya ce ya riga ya yi wa mutane alkawari, kafin la'asar ya dawo. Ya ɗauki farar jarkar da ya saba cikowa a wani rafi na hanyar, don ya ce Hajjaju ta fi walwala a ruwan rafi. Har ya kai zaure ya juyo.

"Amanar ɗan nan na hannunki, Dije. Ni dai in gan shi yana iyo."

"Za ka gan shi in Allah ya so," ta ce.

Bayan la'asar Malam Rabo, limamin unguwa, ya yi sallama a zaure. Tun daga yadda ya yi sallamar ta gane ba lafiya ba. A gindin gada ɓarayin daji suka samu Bilya, ya sauka ɗibar ruwa. Sun harbe shi sun tafi da babur. Direban wata a-kori-kura ne ya gane shi ya ɗauko. Malam Rabo ya miƙo mata abin da aka tsinta a wurin, takalmi ƙafa ɗaya da jarkar nan, a cike take, an murɗa murfinta da kyau, jini ya bushe a gefenta. Ta karɓa ta kai bayan ƙyauren ɗakinta ta ajiye. Saboda jinin, babu wanda ya ƙara taɓa ta.

Rijiyoyin unguwa duk sun yi laka saboda ruwan sama, sai an jefa alif laka ta kwanta kafin a sha. Da maza suka nemi ruwa mai kyau na wankan gawa, duron Bilya suka buɗe. Khadijatu na ɗaki ta ji ƙarar murfin, ta san ruwan Hajjaju ne, ba ta hana ba. Wa ya fi shi cancanta da ruwan nan? Kafin magariba an kai shi. Sauran duro biyun kuma matan da suka cika gidan suka ƙarar wajen girki da alwala.

Kowa ya san yadda zaman makoki yake. Matar mamaci ba ta ɗaga ko tsinke. Tabarma ake shimfiɗa mata a ƙuryar ɗaki, ta lulluɓa, ta sunkuyar da kai tana amsa gaisuwa, maƙwabta su karɓe tsintsiya da murhu da komai na gidan har a yi addu'ar uku. Gata ne, babu mai musun haka. Amma washegari da hantsi Khadijatu ta zare jiki ta zagaya gindin randa, ta tono tana 'yan ƙwaya, ta shiga ɗakin Bilya. Hajjaju ta taso daga cikin yashi ta hau gilashi, farin cikinta a waje, bakinta kamar mai murmushi, ta karɓi tanar daga yatsunta. Tudun na nan yana motsi.

"Mi nike gani haka?"

Gwaggo Hafiza ce a bakin ƙofa, ƙanwar mahaifin Bilya, da sassafe ta iso daga Ƙanƙara. Tsohuwa ce mai kaifin baki, kuma ita ta goyi Bilya, idonta ya kumbura don kuka.

"Ɗana kwananshi ɗaya a ƙasa, ke kina nan kina wasa da kifi? Kifin da ya kai shi gindin gada? Mutane sun cika ɗaki suna tambayar matar mamaci. Wuce ki zauna, kada ki ja mamu magana."

Me Khadijatu za ta ce wa tsohuwar nan, ga mata sun fara taruwa? Ta goge hannu ta koma kan tabarmarta. Can da aka ɗan sarara ta yafito Fatsuma, maƙwabciyarta ta jikin katanga, aminiyarta tun zuwanta unguwar. Fatsuma mace ce mai tsabtar da har tsokanarta ake yi, gindin tukunyarta ya fi cikin ta wasu haske. Khadijatu ta raɗa mata a kunne.

"Don Allah ki duba mani kifin Malam. Macen ciki gare ta."

"Ki kwantar da hankalinki," in ji Fatsuma. "Ki bar komai a hannuna."

Iyakar abin da ta faɗa mata ke nan. Ba ta ce sabulu ba, ba ta ce alif ba, don a ranta tana kawai take nufi, kuma kafin ta ƙara wata kalma wasu masu gaisuwa sun shigo sun durƙusa.

Rana ta biyu bayan azahar ta ji kumfar ta yi shiru. Shekara uku kunnenta ya saba da wannan gunjin ta cikin bango, tsayawarshi sai ta ji kamar an toshe mata kunne. Ta ji ana ta kwarara ruwa a kwata, ta ji ƙarar soso. Ta ce wa kanta ai wanke-wanke ne, gidan makoki ba ya rabo da wanke-wanke. Ta dafa ƙasa za ta miƙe, sai ga mota guda ta danginta daga Daudawa, suka shigo da salati, yayarta ta faɗa jikinta. Gwaggo Hafiza na zaune a bakin gado tana kallonta. Ta koma ta zauna. Wallahi babu abin da ya zaunar da ita sai kunya, taku goma ne tsakaninta da ɗakin nan. Da la'asar kumfar ta dawo, ta yi ajiyar zuciya ta ce batir ne.

Ran addu'ar uku, gari ya waye, mata na tsakar gida suna fama da tukwanen waina da gumba, maza sun fara taruwa a ƙofar gida. Ta faki ido ta shiga ɗakin Bilya. Ƙamshin sabulu ne ya fara tarbar ta.

Ba ta taɓa ganin akwatin ya yi kyau haka ba. Gilashin na ɗaukar ido, ruwan garau kamar babu shi. Babu yashi ko ƙwaya, an kwashe an zubar. Soson tulun ya koma fari tas. A kusurwa ga guntun alif bai gama narkewa ba. Namijin ya kife, farin cikinshi a sama, ya riga ya sandare. Hajjaju na kwance a kan gilashi tsirara, gefunanta sun naɗe sama kamar busasshen ganye, tudun bayanta ya faɗa. Bilya ya sha gaya mata, in gefen kunamar ruwa ya naɗe haka to babu dawowa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali.

Sai ta hango ɗan a ƙarƙashin bututun kumfa, a naɗe kamar na wancan karon. Ta zura hannu har kafaɗa, hijabi da komai, ta tallabo shi. Ya motsa a tafin hannunta.

Babu sauran ruwan kirki a gidan, na rijiya duk an jefa mashi alif. Ta fito da gudu riƙe da shi cikin hannu biyu, ta ratsa ta tsakiyar mata, ta faɗa ɗakinta. Ta sauko da babbar kwallar da ke saman jerenta, wadda tun aurenta ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ta jawo jarkar bayan ƙyaure ta kwance murfin da Bilya ya murɗa da hannunshi. Ta tsiyaya ruwan rafin, ta saki ɗan a ciki.

Ya nutse ƙasa ya tsaya. Can sai ya fara warwarewa, gefe ɗaya, sannan ɗayan, har ya baje. Faɗinshi bai wuce tafin hannunta ba, ga 'yar wutsiya siririya kamar zare. Ƙananan ƙofofin da ke bayan idonshi suna buɗewa suna rufewa. Ya kaɗa gefenshi, ya zagaya kwallar sau ɗaya, ya sake zagayawa. Khadijatu ta ji dariya ta kubce mata, hawaye na zuba cikin ruwan, ta yi maza ta kau da fuska kada gishirin hawayen ya cuce shi.

"Ga shi yana iyo, Malam," ta ce.

Matan ɗakin suka yi cirko-cirko. Gwaggo Hafiza ta shigo ta ce ta tashi ta sake hijabi ta koma wurinta, za a fara addu'a.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan tashi ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ɗago kai ba. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi kwallar, ta juya ta fita.

A waje Malam Rabo ya fara karatu, ana jin amsawar maza ta kan katanga. Khadijatu ta samo karan tsintsiya mai rami tana hura iska cikin ruwan a hankali, yadda ta ga Bilya na yi in batir ya yi sanyi. Ɗan bai ƙara zagayawa ba. Ya kwanta a tsakiyar kwallar, ƙofofin nan na buɗewa, sai su daɗe kafin su sake. Ya kwana cikin ruwan sabulu, ta sani. Ta ci gaba da hurawa har muƙamuƙinta ya yi tsami, tana roƙon Allah abin da ita kanta ta ji nauyin roƙonshi, ya bar mata wannan ɗaya. Gefenshi na hagu ya fara ɗagowa. Ta sa ɗan yatsa ta kwantar da shi, ya sake ɗagowa. Lokacin da aka shafa fatiha a ƙofar gida, maza suka fara watsewa, ta lura ta jima tana hura wa abin da ba ya numfashi.

Ta ajiye karan.

Fatsuma ce ta shigo da kwanon waina a hannun hagu. Hannunta na dama a naɗe yake da tsumma, ya kumbura har gwiwa, yatsun sun yi baƙi-baƙi. Ba ta san abin da ake ciki ba, tana can bakin murhu tun asuba.

"Kin leƙa kin gani?" ta ce da 'yar fara'arta. "Na ga ruwan ya yi kore, ga yashi duk ƙazanta, na ce ba za a yi baƙi su ga ɗakin marigayi haka ba. Cikin baho na sa kifayen na wanke ko'ina. Namijin nan har ya sakar mani ƙaya, jiya ban runtsa ba, amma na ce sai na gama maki."

Sai idonta ya faɗa cikin kwallar. Ta dubi fuskar Khadijatu, ta dubi matan da suka yi tsit.

"Dije, ba dai wani abu na yi ba?"

Maganganu sun cika bakin Khadijatu, masu zafi, waɗanda in ta sake su ita da Fatsuma sun rabu ke nan har abada. Tana jin haushinta kamar ta shaƙe ta. Ta dubi hannun nan da ya kumbura, wanda ya ja guga talatin daga rijiya da dafi a cikinshi saboda ita. Ita ce ta ce a duba, ita ce ba ta ce komai ba bayan haka, ita ce ta ji kumfa ta tsaya ta zauna.

"Sannu da aiki, Fatsuma," ta ce. "Allah shi saka da alheri. Ki je ki tsoma hannun nan cikin ruwan zafi, iyakar zafin da za ki iya daurewa. Haka Malam ke yi. In an jima a kai ki asibiti."

Fatsuma ta ajiye kwanon a ƙasa ta fita tana toshe baki da gyale.

Hajjaju ta cika kafin azahar. Maza suka ɗauke ta da namijin a buhu suka kai bayan gari. Ɗan kuwa Khadijatu ba ta ba kowa ba. Ta yagi ƙyalle daga ragowar farin yadin da aka yi wa Bilya likkafani, ta naɗe shi, ta ɗauki 'yar hauyar tonon tana ta zagaya bayan ɗaki. Ƙasar gindin zogalen ta jiƙe da ruwan sama, ba ta yi wuyar tonuwa ba. Tana cikin mayar da ƙasa ta ji mutum a bayanta.

"Kifi ne fa, ɗiyata," in ji Gwaggo Hafiza, muryarta ta yi laushi.

"Na sani, Gwaggo."

Tsohuwar ta tsaya tana kallon duwatsu ukun da ke jere. Ba ta taɓa zagayowa nan ba, amma ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ta juya ta tafi tana jan ƙafa, Khadijatu ta ɗauka ta yi fushi ne. Sai ga ta ta dawo da dutse a hannu, ɗaya daga cikin na murhun da aka gama girkin sadaka, da sauran ɗuminshi. Ta miƙa mata.

Khadijatu ta karɓa ta ɗora a kan na huɗun, ta juye sauran ruwan jarkar a kai.